Jinin da Ya Ƙi Tsayawa

"Ni dai a sake gwada ta! Wace irin al'ada ce har sati uku?"

"Mama, an gwada, ba ciki ba ne," in ji likitar. "Amma jininta ya yi ƙasa sosai. Za mu ba ta maganin tsayar da shi da na ƙarin jini, mu kuma duba ko yana daskarewa yadda ya kamata."

Bangon ɗakin likitar na katako ne, don haka wata malamar makaranta da ke bayansu a layi tana jin komai. Tun a benci take kallon uwar: gajeruwa, mayafi a baibai, zare maƙale a hannun riga irin na teloli. Faɗa take ta yi wa 'yar, wai zurfin cikinta ya yi yawa, amma ko sau ɗaya ba ta saki hannunta ba. Yarinyar ba ta wuce sha huɗu ba, leɓe fari fat, rigar sanyi ɗaure a ƙugu don rufe tabo. Can uwar ta ja fatar ƙasan idon yarinyar ta leƙa, ta saki kamar ta taɓa garwashi.

Wa ya koya wa tela duba ido? Malamar na zargin matar nan so take a ce ciki ne. Abin kunya dai akan rayu da shi.

Ƙofa ta buɗe. Uwar ta ja ta tsaya, muryar nan duk ta mutu.

"Likita, ƙanwata ma haka ta fara. Muka ce girma ne, har muka rasa ta."