Rugar da Hamida Ta Sa a Taswira

Hamida 'yar Alhaji Wada ce, mahaucin da ya daɗe yana fawa a babbar kasuwar Garwa kafin ya koma sayen dabbobi a tsaye. Kakanta fatauci ya kawo shi daga ƙasar Kano, ya zauna bakin Binuwai bai sake komawa ba. A gida Hausa suke yi, a kasuwa Fulatanci, a makaranta Faransanci, ita kuwa duk ukun sun zauna a bakinta. Ita ce babba a ɗakinsu, ƙannenta duk mata. Ta yi karatun kwamfuta a Ngaundere, ta dawo da takarda, ta yi ta zagayen ofisoshi har ta gaji ta zauna.

Tana cikin wannan zama ne mahaifinta ya yanke jiki ya faɗi a bakin mahauta. Ya tashi da shanyewar ɓarin jiki, magana ma sai an kasa kunne sosai. Abin da ya rage wa gidan shi ne garken shanu da raguna da ke hannun Hamadu, wani dattijon Bafulatani da ya yi wa Alhaji kiwo tun kafin a haifi Hamida. Rugarsa tana can gaba da Pitowa, a gindin wani dutse. Baffa take ce masa, matarsa Mairamu kuma Goggo.

Dillalai suka fara sintiri a ƙofar gida, ana gaisuwar mara lafiya ana taya dabbobi da arhar banza. Mace ba ta shiga kara, kasuwar dabbobi, ta tsaya ciniki, duk wanda ta aika kuma sai ya dawo da labarin kasuwa ta faɗi. Sai ta juya ga abin da ta sani. Akwai dandalin gwanjo a intanet inda ake sayar da komai, daga tsohuwar waya har firji: ka sa hoto, mutane su yi ta tayi, lokaci ya cika wanda ya fi kowa ya ɗauka. Ta sa ragunanta a can gabanin babbar Sallah, da nufin mutanen Duwala da Yawunde, inda rago ke tsada. Tayi biyu kawai ta samu. Ɗaya ma ya rubuto yana tambaya a ina ta sato hoton.

Ta kira Diane, ƙawarta ta makaranta da ke aikin gina shafuka a Duwala, ta koka mata.

"Laifinsu ne?" in ji Diane da Faransanci. "An cuce su sun gaji. Ki buɗe shafinki na kanki. Duk wanda ya ga rago a gwanjo ya latsa ya shigo wurinki, ya ga garken gaba ɗaya, ya ga inda yake, ya ga fuskar mai shi. Mutum ba ya tura kuɗi wurin da bai ga fuska ba."

"Fuskata zan sa?"

"Kina ganin za su sayi bijimi a hannun yarinya mai tabarau?"

Suka yi dariya. Amma maganar ta zauna wa Hamida.

Ta hau babur ta tafi ruga da wayarta. Ta zaci sai ta sha lallashi, ashe Baffa Hamadu abin ya burge shi. Ya shiga bukka ya fito da babbar rigar da Alhaji ya ba shi wata Sallah, ya naɗa rawani, ya riƙe sanda. Mairamu tana bakin murhu tana ta yi masa tsiya wai ya zama ango. Ya tsaya a tsakiyar shanu yana kiran kowace da sunanta, yana shafa tozon bijimai, yana buɗe bakin rago a ga haƙora. Bidiyon ya yi kyau ƙwarai.

Da ta zo sa wa shafin suna, sai ta ga matsala. Sunan mahaifinta ba zai yi ba, tunda wanda ke cikin bidiyon ba shi ba ne. Sai ta rubuta "Garken Alhaji Hamadu", ko da yake Baffa bai taɓa zuwa Makka ba. A ƙasa ta liƙa taswira da ɗigo ja a kan rugar, don mai shakka ya turo ɗan'uwansa ya gani da ido. Ba ta faɗa masa ba. Ba ɓoyewa ta yi niyya ba, gani ta yi ƙaramin abu ne, shi kuma ba ya karatun boko.

Kasuwa ta buɗe. Tayi ya riƙa hawa kan tayi, ragunan Sallah suka ƙare tun da sauran kwanaki. Ana loda su a mota zuwa Ngaundere, daga can jirgin ƙasa ya yi kudu da su. Masu saye suka riƙa rubuto gaisuwa ga "patron", wato mai gida, Hamida tana amsawa a matsayin sakatariyarsa. Shekara biyu ana haka. Ta sayi keken guragu wa mahaifinta, ta mayar da ƙannenta makaranta, ta gyara wa Baffa rijiya. Duk wata sai ta je ta ɗauko sabon bidiyo, garke yana ƙaruwa, rigar Baffa tana ƙara sheƙi.

A farkon damina ta uku, wata ranar Laraba da la'asar, Mairamu ta sauka daga babur a ƙofar gidan, ba takalmi a ƙafarta. Ta ce wasu mutane da bindigogi sun tare Hamadu a mashaya, sun bar shanun, sun tafi da shi cikin duwatsu. Zargina ne, 'yan fashin dajin da suka koma satar mutane.

Washegari waya ta shigo ta lambar da ke kan shafin. Muryar namiji ce, cikin Fulatanci, a natse kamar mai cinikin goro. Ya ambaci abin da suke so, adadin da ko an sayar da garken har da gidan Alhaji ba zai kai ba.

"Wallahi makiyayi ne," in ji Hamida. "Dabbobin ba nasa ba ne. Ba shi da komai sai 'yan shanu uku."

"Ke ce sakatariyar?"

"Ni ce."

"To duba wayarki."

Ya turo mata bidiyon da ta ɗauka da hannunta, da hoton sunan shafin, da taswirar.

Ta cire taswirar nan take, ko da yake ta san aikin banza ne. Ta kai hannu za ta rufe shafin gaba ɗaya, sai ta tsaya. In ta rufe, da me za ta sayar? In ta kai dabbobin kara, dillalai sun riga sun ji labari, sun san a matse take.

Ta shiga ɗakin mahaifinta ta durƙusa ta faɗa masa komai, har da sunan da ta rubuta. Bakinsa ya yi ta motsi kafin kalmar ta fito.

"Sayar."

"Duka, Baba?"

Ya lumshe ido alamar e.

Haka ta sa garken gaba ɗaya a gwanjo, ba lokacin Sallah ba, ba lokacin biki ba. Ta bar bidiyon Baffa a saman shafi yana murmushi, domin shi ke jawo tayi. Mutane suna rubutowa, patron ya yi ritaya ne? A gaishe shi. Tana amsawa da cewa zai ji. Wani mahauci a Duwala mai suna Charles, tsohon mai sayenta, ya kwashe mafi yawa. Ya lura farashin ya faɗi ƙasa, ya tambaya ko lafiya, ta ce lafiya lau, don an gargaɗe ta cewa in magana ta fita gawa za su karɓa.

Abin da aka tara bai kai ba. Dangin Hamadu suka sayar da nasu, mahaifiyar Hamida ta fitar da 'yan kunnenta. Aka yi ta ja-in-ja a waya, wani lokaci su sa mata muryar Baffa ta ji yana nishi. Sai da damina ta yi nisa suka karɓa. Ƙanen Baffa ne ya kai kuɗin, aka nuna masa wani kwari, ya tarar da yayansa a kwance ƙarƙashin itace.

Igiyar da suka ɗaure shi da ita ta ci ƙafar hagu har ta ruɓe. A asibiti a Garwa likita ya ce sai an yanke daga gwiwa. Bayan an yi aikin Hamida ta je da abinci. Ya rame har ba ta gane shi ba sai da ya yi magana. Mairamu tana zaune a ƙasa gefen gado, ba ta ɗago ba.

"'Yata," ya ce, "akwai abin da nake so in tambaye ki. Kullum in na ce musu ni ɗan kiwo ne, sai su nuna mini waya, su ce ga sunana an rubuta, su hau duka. Ni ban iya karatun ba. Na ce ƙarya suke yi. Da gaske an rubuta?"

"An rubuta, Baffa."

"Wa ya rubuta?"

"Ni ce."

Can ya ce, "To." Ya juya fuska wajen bango.

Mairamu ta miƙe, ta ɗauki kwanon da Hamida ta kawo, ta fita da shi ta ajiye a baranda, ta dawo ta zauna inda take.

Da aka sallame shi ba su koma ruga ba. 'Yarsu da ke aure a Maga ta zo ta tafi da su, can inda ake noman shinkafa da kamun kifi, inda ba mai saniya a cikin danginsu. Hamida ta riƙa aika ɗan abin da ta samu ta hannun direbobi. Ba a taɓa dawo da shi ba, ba a kuma taɓa aiko da amsa ba. Alhaji Wada ya rasu kafin shekara ta zagayo. Rasuwar Hamadu kuwa a bakin wata mai sayar da busasshen kifi ta ji, bayan an yi sadakar bakwai. Ta shiga mota ta je. Mairamu ta shimfiɗa mata tabarma, ta ba ta ruwa, ta amsa gaisuwar ta'aziyya kamar yadda take amsa wa kowa. Hamida ta zauna cikin mata har rana ta karkata, sannan ta nemi motar Marwa, inda za ta sami mai komawa Garwa.

Yanzu tana da ɗan shago a unguwar Yelwa a Garwa, tebur ɗaya da injin buga takardu. Tana cike wa ɗalibai takardun jarrabawa, tana buɗe wa masu sayar da atamfa da turare shafuka. Da wannan take riƙe mahaifiyarta, ta aurar da ƙannenta biyu. Ita ba ta yi aure ba tukuna. Maƙwabtan shagon sun san ta da ƙarancin magana, da kuma yawan ciwon kai da ke sa ta rufe da wuri.