Koyon Kallon Idon Bature

Har gobe ban manta da ranar da Dogon Likita ya ɗora mini aikin da babu shi a cikin aikina ba. Ku yaran yanzu da kuke bitar intabiyu a ƙarƙashin fanka, ku matso ku ji yadda muka yi tamu.

Lokacin Turawa na nan, amma an fara raɗe-raɗin tafiyarsu. Ni ne dispensa a wani ɗan asibitin En'e, wato hukumar gargajiya, tsakanin Makoda da Ɗanbatta. Dispensa, ga wanda bai sani ba, shi ne malamin asibitin ƙauye. Ni ne mai allura, ni ne mai wankin gyambo, ni ne mai maganin tsutsa, in akuya ta shigo kuma ni ne mai kora. Likitan gaske sai jefi-jefi yake zuwa rangadi daga birni. Namu wani Bature ne da muke ce wa Dogon Likita, don in ya shigo ɗaki sai kansa ya gaisa da azara kafin bakinsa ya gaisa da mutane.

A kakar shekarar aka turo mini Garba, ɗan Malam Idi mai koyar da Alƙur'ani a ƙauyen da ke bayanmu. Ya gama karatun likita a birni. Tsarin lokacin, wanda ya gama sai a tura shi ƙauye ya ga aiki, daga nan ya tsaya gaban kwamiti. Kwamitin ne ke tsince 'yan kaɗan su tafi babban asibiti su zauna ƙarƙashin manyan likitoci su koyi tiyata. Wanda aka bari kuwa, shi da bandeji har furfura. Garba tiyata yake so, so irin na hana barci. Ko kaza aka yanka sai ya tsaya ya ga cikinta.

Ranar da Dogon Likita ya zo, ya ce a kira masa ɗalibin ya gwada shi. Garba ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya shigo ya tsuguna, ya kafa wa ƙasa ido kamar ya yar da allura. Duk abin da aka tambaye shi na cuta da magani ya amsa daidai, amma ƙasa yake ba amsar. Can Likita ya ce, "Me ya sa za a ɗauke ka a bar sauran?"

"Ranka ya daɗe, ai duk sun fi ni."

Likita ya ja ni gefe, kunnuwansa sun ƙara ja. Ya ce, "Malam Sule, yaron nan ya san aiki. Amma a wurinmu wanda ba ya kallon idonka ƙarya yake yi, wanda ya ce an fi shi kuma sai mu yarda da shi. Kai ka zauna da mu a birni, ka san halinmu. Ka gyara shi kafin ranar."

Ranar kuwa ta matso ƙwarai. Motarsa na tashi na fara tambayar kaina. Yaron da tun yana rarrafe ake koya masa sunkuyar da kai, ni zan ɗago da shi cikin 'yan makonni?

Muka fara da jakin da ke kawo mana ruwa. Na ce, "Garba, kalle shi ido cikin ido." Wallahi jakin ne ya ci, Garba ya fara kau da kai. Daga nan na ce ya gwada da ni. Na samo wata tsohuwar hular Turawa mai kama da ƙwarya, na sa tabarau maras gilashi, na zauna bayan teburin magani a matsayin shugaban kwamiti ina Turanci ta hanci. Masu jiran allura suka zama 'yan kallo. Har masu lafiya suka riƙa zuwa da ciwon kai na ƙarya.

"Shigo da takalminka!"

"Malam Sule, ƙafata ba ta yarda."

"Ƙafarka ce za ta yi tiyatar? Shigo! Miƙe! Ɗago haɓa! Ka iya ɗinke rauni?"

"To, da ikon Allah, ana ɗan taɓawa."

"Ikon Allah na nan, ba inda za shi. Amma Bature ba ya jin ana ɗan taɓawa. Ka ce na iya!"

Haka muka yi ta fama. Garba ya daina cin abincin kirki. In babu marasa lafiya sai ya yi ta zagaya asibitin yana magana shi kaɗai, har ya fitar da hanya a cikin ciyawa. Ni ma zama ya gagare ni. Da na ji ƙarar mota sai in zabura, in ce an zo ɗaukarsa ba mu gama ba, ashe motar gyaɗa ce. Matata ta ce a barci ma ina ta cewa ɗago haɓa.

Sannu a hankali ya kama. Wata ranar kasuwar Ɗanbatta da hantsi, yana tsaye ƙyam da takalmi sau ciki, hannu a baya, haɓa sama. Na jefa masa babbar tambayar. Ya buɗe murya ya ce, "Saboda ni ne na fi kowa a ajinmu!"

Daidai nan aka yi sallama. Garba ya juya da haɓar a sama yadda na saita ta, ya sauke idonsa tsaf cikin na mai sallama. Mahaifinsa ne. Malam Idi ya biyo karɓar maganin ido a kan hanyarsa ta kasuwa.

Abin bai wuce ƙiftawar ido ba, Garba ya zube ƙasa yana kiciniyar cire takalmi. Amma an riga an gani, a gaban jama'a kuwa. Malam ya dubi ɗansa, ya dubi hulata, ya juya ya fita. Ko maganin bai karɓa ba. Masu ciwon kan ƙarya duk suka warke a take, kowa ya sulale.

Garba ya bi shi gida. Bayan azahar ya dawo fuska a kumbure yana haɗa kayansa.

"Ina zuwa?"

"Baba ya ce karatun ya isa haka. Ba birni, ba tiyata. Ya ce in wannan ne farkon, ba ya son ganin ƙarshen."

Ku da kuke ji yanzu za ku ce ai sai ya yi tafiyarsa. Ba ku san Garba ba. In Malam ya ce zauna, ko wuta ce a wurin zama zai yi.

Bayan ya kwashe kayansa ya koma gida, na rufe asibiti na hau keke. Na ratsa gonakin gyaɗa ana ta cira, kowa na ɗago hannu yana cewa sannu shugaban kwamiti, don labari ya riga ni isa. Tun daga nesa na tuɓe takalmi. Na shiga zauren Malam na yi tsugunon da har yau gwiwata ke tuna mini da shi.

Ya amsa gaisuwa a gajarce. Ya ce, "Kai ne shugaban kwamitin?"

"Allah gafarta Malam, ni ne, amma na yi murabus ɗazu."

Bai yi dariya ba. Na kwashe komai na gaya masa, yadda ake zaɓen, da abin da Dogon Likita ya ce.

"Wato su ba su san ladabi ba?"

"Suna da nasu, Allah gafarta, sai dai a juye yake. Abin da muke kira kunya su rashin gaskiya suke gani."

Ya ɗauki carbi yana ja. Can ya ce, "In ya je can ya koyi yanka mutane, zai dawo ya tsaya mini a kai kamar ɗazu?"

Na ce, "Ba zan rantse a kan gobe ba. Amma na ɗazu ba kai ya yi wa ba, ni na murɗa wuyan."

"Ya iya abin?"

"Da ni ya iya. Amma ni wane ne? Shekaranjiya ma dariya ya yi ta yi wa hulata. In ya ga Turawan gaske a jere, ina tsoron gwiwa za ta ci amanarmu."

Ya ajiye carbin. "Kira shi."

Garba ya shigo ya rakuɓe a bakin ƙofa. Malam ya ce, "Koma ka sa takalminka."

"Baba, a zaure?"

"Ni na ce."

Ya sako su ya dawo yana takawa kamar a kan ƙaya.

"Miƙe tsaye. Dube ni."

Kan ya taso ya koma. Ya sake tasowa ya koma. Gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Garba, ba roƙonka nake ba. Dube ni."

Ya ɗago. Idonsa ya cika da ruwa, amma bai sauke ba. Malam ya juyo gare ni, "Mece ce tambayar tasu?" Na faɗa masa. Ya gyara zama kamar alƙali, ya ce, "Me ya sa za a ɗauke ka a bar 'ya'yan mutane?"

Ina ta addu'a a zuci kada ya ce ya fi kowa. Sai na ji ya ce, "Saboda hannuna ba ya rawa, Baba. Kuma ranar da cikin Baffa Ado ya ɗaure aka ɗora shi a amalanke za a kai shi birni, ni na riƙe kansa. Ba mu kai ko Ɗanbatta ba ya cika. Na san aikin da za a yi masa ya tashi. Yanzu da baki na san shi, ina so in san shi da hannu."

Baffa Adon nan ƙanin Malam ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Malam ne ya fara kau da kai, ya goge fuska da gefen rawani. Ya ce, "To haka za ka gaya musu, kada ka ƙara kada ka rage. Yanzu cire takalmin nan, zaurena ne."

Da ranar ta zo, a kan buhunan gyaɗa ya tafi birni. Kwanakin da muka yi muna jira ban san me na ci ba. Wani tsoho ya zo da ciwon ƙafa na tsinci kaina ina leƙa masa kunne. Sai ga Dogon Likita ya dawo rangadi, tun kafin ya sunkuyo ƙofa yake cewa, "Malam Sule, an ɗauke shi! Me ka yi wa yaron nan? Shugaban kwamiti ya ce shi ne ya ji kamar ana yi masa intabiyu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sirrin sana'a ne." Ya yi ta jinjina mini, ni kuwa na karɓa hannu biyu, tunda ba kullum Bature ke yabo ba.

Abin da na ɗauka daga wannan, wanda nake so ku ɗauka ku masu shirya ɗalibai, shi ne ɗalibi ba shi kaɗai yake shiga gaban kwamiti ba. Gidansu duka yana kan wuyansa. Kuna iya koya masa tsayuwa, ku haddace masa amsa, amma amsar da za ta fitar da shi tana can inda ya fito, kuma izinin faɗinta ba a hannunku yake ba. Saboda haka kafin ku taɓa haɓar ɗan mutane, ku hau keke ku je ku gai da ubansa.