Turare a Kan Hatimi

Akwai wata Jumma'a da har yau ba ta fita daga zuciyata ba, duk da shekarun da na yi ina rubuta aure a ofishin rajista a nan Kumasi. Ku da kuka shigo aikin daga baya kun sha tambayata me ya sa nake ajiye 'yar kwalbar turare wadda ba komai a cikinta kusa da hatimi. Tunda na kusa ajiye aiki, bari in gaya muku.

A shekarar nan 'yan majalisa sun ja daga da gwamnati kan kasafin kuɗi. Kasafi bai wuce ba, kuɗi bai fito ba, mu kuma muka shiga wata na uku ba albashi. Ba yajin aiki muka yi ba. Kuɗin trotro, wato motar haya, ne ya gagari mutane, suka fara zuwa sau biyu a mako, sannan sau ɗaya, daga baya aka daina tambayar kowa. Mai buga mana takardu ta koma sayar da wake da shinkafa a bakin tasha. Masinja ya tafi gonar koko ta ƙauyensu. Wutar ofis ta ƙare, ba wanda ya sake saya. Ni kaɗai nake zuwa kullum, kuma ba zan ce muku kishin ƙasa ba ne. Daga unguwarmu ta Zango da ƙafa nake isowa, gidanmu akwai hayaniya, a ofis kuwa ina buɗe taga in zauna da littafin soyayyata har la'asar ba mai kira na. Lokacin ni akawu ce mai daraja ta biyu, ban yi aure ba, kuma duk auren da na rubuta sai na ƙirƙira wa ma'auratan labarin haɗuwarsu a raina.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, ga yadda ake yi. Auren Musulmi idan an ɗaura shi, ana kawo shi rajista cikin mako guda. Ango zai zo, da waliyyin amarya, da shaidu biyu, da malamin da ya ɗaura, wanda dole yana da lasisi. Akawu ta rubuta a babban littafi da hannu, kowa ya sa hannu, sannan babban jami'in rajista ya sa nasa ya buga hatimi. In mako ya wuce, sai an je babbar kotu neman izini, da lauya da jiran watanni.

Wajen ƙarfe goma na safe wani dogon mutum ya yi sallama, hannunsa da sauran jan lalle a farce. Ya ce sunansa Malam Nuhu, malamin makarantar gwamnati ne, ya zo ya ji abin da ake buƙata don su kawo aurensa ranar Litinin. Na yi masa murna, na tambaye shi yaushe aka ɗaura. Ya ce an kai amarya ran Lahadi. Na ce ba kai amarya na tambaya ba. Ya ce ai ɗaurin an yi shi tun Jumma'ar da ta wuce bayan an sauko masallaci, don wasu dangin amarya za su koma Nijar.

Na rufe littafina. Mutanenmu na Zango daga ranar kai amarya suke lissafi, don a wurinsu ranar aka yi aure. Doka kuwa daga ranar ɗauri take ƙirga. Na ce masa yau ce rana ta ƙarshe, kuma ƙarfe biyar muke rufewa.

Ya zauna a kan benci. A nan ya ba ni labarin, kuma wallahi ya fi wanda ke cikin littafin da na rufe. Amaryar, Safiya, nas ce, an tura ta wani ƙaramin asibiti can arewa, tafiyar yini guda cur. Shekara shida suna jiran juna, ita can shi nan, mahaifinta yana cewa malamin makaranta ba zai iya riƙe 'yarsa ba, har dai ya haƙura. Yanzu an buɗe karɓar takardun masu neman a dawo da su kusa da miji ko mata, za a rufe a ƙarshen wata, kuma ba a karɓa sai da satifiket ɗin aure. In wannan ya wuce su, sai wata shekarar. Hutunta na ƙarewa ran Litinin.

Ya tambaye ni a hankali ko za a iya rubutawa Litinin a sa kwanan watan yau. Na ce da ya san maigidanmu da bai tambaya ba. Mista Boateng, babban jami'in rajista, wanda muke kira Masa, wato maigida, mutum ne mai kwat da nektai ko ana zafin da kwalta ke narkewa, kuma bai taɓa mayar da kwanan wata baya ba ko da na kwana ɗaya. Hatimin yana cikin jakarsa, jakar tana gidansa a can unguwar Atonsu, wayarsa kuma ta yi mako biyu a kashe. Ni ba ni da kuɗin mota, ango ma ba shi da shi, don shi ma albashin nan yake jira.

Muka kulle ofis muka taka zuwa kasuwa wurin surukinsa, Alhaji Hamani, Bazabarme mai sayar da albasa buhu-buhu. Ya saurare mu yana jan carbi, bai ko dubi Malam Nuhu ba. Da na gama ya ce aure dai an ɗaura gaban malamai da shaidu, an ci goro, shi ba ya buƙatar komai bayan wannan.

"Gwamnatin da ta kasa biyan ma'aikatanta," in ji shi, "takardarta me za ta yi mini?"

Na ce, "Baba Alhaji, kai ba za ta yi maka komai ba. Safiya ce za ta hau motar arewa ran Litinin, kuma wannan takardar ce za ta dawo maka da ita."

Ya daina jan carbin. Ya tambaye ni nawa angon ya ba ni. Na ce bai ba ni ko sidi ɗaya na kuɗinmu ba, shi ma ba shi da shi. Ya tambaya ko ni an biya ni. Na ce wata uku ke nan. Ya ce to me ya fito da ni cikin ranar nan? Na ce masa ni dai ban taɓa barin labari a tsakiya ba. Ya dube ni kamar wadda ba ta da cikakken hankali, sannan ya kira direbansa ya ce a sauke buhunan da ke kan aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, a kai ni Atonsu. Malami da shaidu kuwa ya ce in bar masa, duk a sahu ɗaya suke sallar Jumma'a, ba wanda zai tsere masa.

A littattafan da nake karantawa, mai ceton masoya cikin doguwar mota mai sanyi yake zuwa. Ni a kan buhun albasa babu komai na zauna, ina riƙe da ƙarfe da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da mayafina, cunkoson Jumma'a ya tsaya cik, masu trotro suna leƙo ni suna dariya. Amma zuciyata fes take. Ji nake kamar duk garin ya san inda za ni.

Gidan Masa na samu a rufe. Maƙwabciya ta nuna mini wata rumfa a bakin hanya inda matarsa, Maame Akua, ke sayar da fufu, wato sakwara, da miya. Na zagaya ta baya. Ga babban jami'in rajista, da singileti da guntun wando, gumi har gwiwa, yana kirɓa fufu, matarsa a zaune tana juya shi a turmi. Da muka haɗa ido sai taɓaryar ta tsaya a sama. Ban taɓa ganin hannuwansa ba tare da riga ba. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda nake yi a ofis, na sa idona a ƙasa.

Ya ce, "Rabi, ba ki ganni ba."

Na ce, "Masa, ban ga kowa ba. Aiki ne ya kawo ni."

Na yi masa bayani. Ya goge fuska ya ce shi ya gama da gwamnati sai ranar da ta tuna da shi, shekara kusan talatin yana sa hannu, ga inda hannun ya ƙare. Ya ce su je kotu, doka ta tanadi hanya. Muryarsa ba ta faɗa ba ce, ta gajiya ce, kuma gaskiya ya faɗa.

Maame Akua ce ta tambaye ni da Hausarta ta kasuwa, yarinyar nan ina aka kai ta, kuma shekara nawa. Na ce arewa, shekara shida. Ta wanke hannu a kwano, ta miƙe ta karɓe taɓaryar daga hannun mijinta. Da yarensu na Twi ta yi masa magana, amma na ji sarai. Ta tuna masa shekara huɗun da aka tura shi wata gunduma mai nisa suna sabon aure, ta haifi ɗansu na fari ita kaɗai, yana rubuto mata wasiƙu yana zagin manyan da suka ƙi sa hannu a takardarsa. Ta ce yau shi ne babban. Ta ce ya je ya yi wanka, ita za ta nemi mai kirɓi.

Bayan minti ashirin ya fito da kwat da nektai da jakarsa. Ya dubi aboboya, ya dube ni, ya ciro hankici ya shimfiɗa a kan buhu, ya zauna a miƙe kamar a kujerar ofis.

Huɗu ta wuce da muka iso bakin ofis. Alhaji Hamani ya cika alkawari: ga malami da lasisinsa a cikin jakar fata, ga shaidu biyu da manyan riguna na Jumma'a, ga ango yana kai da komo. Na buɗe duka tagogi don a sami haske, na ciro babban littafi, na rubuta sunan Nuhu da na Safiya a cikinsa da kuma a satifiket da mafi kyawun rubutun da na taɓa yi. Kowa ya sa hannu, Alhaji ya yi nasa da Larabci. Masa ya karanta layi-layi, ya duba agogo, ya sa hannu, ya ciro hatimi ya danna a kan mazubin tawada ya buga.

Ba abin da ya fito. Mazubin ya bushe ƙayau, wata uku ba a sayo tawada ba. Ya sake dannawa da ƙarfi, sai wani abu inuwa-inuwa da ba ya karantuwa. Wani shaida ya ce a zuba ruwa, Masa ya ce ruwa zai baje rubutun, kuma hatimin da ba a iya karantawa ba hatimi ba ne. Shagon takardu mafi kusa ba za a je a dawo kafin biyar ba.

A jakata akwai 'yar kwalbar turare mai tsada da yayata ta kawo mini daga Makka. Ban taɓa shafawa ba. Buɗewa nake in shaƙa in rufe, na ajiye shi don ranar da nake mafarki. Na tuna yadda turare ke narkar da tawadar biro a jikin tufafi. Na cire murfin na tsiyaye shi duka a kan mazubin, na murza da yatsa har ya yi baƙi. Ƙamshi ya cika ofis, ya kori warin albasar da muka kwaso. Masa ya gwada a bayan wata tsohuwar takarda, ya jira ya ga bai baje ba, sannan ya buga a satifiket. Ya fito raɗau, kowane harafi a tsaye.

Malamin ya ɗaga hannu ya yi addu'a, har Masa ya ce amin. Malam Nuhu ya riƙe takardar da hannu biyu yana kallo, idonsa ya kawo ruwa. Alhaji Hamani ya karɓa ya shinshina, sannan ya mayar masa ya ce, "Riƙe da kyau, surukina." Malam Nuhu ya gaya mini daga baya cewa ranar ce ya fara kiransa haka. Alhaji ya so ya ɗaukar wa Masa tasi, Masa ya ce a'a, a mayar da shi a abin da ya kawo shi, kuma a yi sauri, masu cin fufun yamma sun kusa fara zuwa.

Kasafi ya wuce daga baya, albashi ya shigo, kuma yau ba zan iya gaya muku abin da na saya da shi ba. Safiya kuwa an dawo da ita Kumasi, tana aiki a wani asibiti wajen Bantama. Ta taɓa zuwa ofis takanas don ta ga matar da ta hau aboboya saboda ita. Ta ce jami'in da ya karɓi takardunta sai da ya tambaye ta ko a Kumasi haka ake ba da satifiket, da ƙamshi.

Ku nemi haƙƙinku, kada ku yi shiru in an riƙe shi, don yunwar watannin nan gaskiya ce, na ga abin da ta yi wa mutum kamar Masa. Amma na koyi cewa wanda ke tsaye gaban teburinku ba shi ya riƙe albashinku ba, sau da yawa ma shi ma jira yake. Na kuma koyi cewa abokin aikin da kuke gani ya yi sanyi bai mutu ba, wani lokaci yana buƙatar a tuna masa ranar da shi ma ya tsaya a ɗaya gefen teburin. Ranar da na ajiye wa turaren nan ta zo mini bayan shekara biyu, na shafa wani daban, kuma ban ji na rasa komai ba. Kwalbar zan bar muku ita a nan. Duk safiya, kafin ku buɗe ƙofa, ku duba mazubin tawada.