Gurbin Dariya

Almakashi muke kiransa, don aikinsa yanka da haɗa finafinan barkwanci. Shekara ashirin da biyu muna tare, ban ga dariyarsa ta fi sau biyar ba. Matarsa kan ce ta auri mai sayar da dariya wanda ba ya ɗanɗana hajarsa.

Ɗakin aikinsa ƙarami ne: kwamfuta biyu, fanka mai ƙara, sai kujerar roba a bayansa. Kujerar tawa ce. Gyaran fankar ne ya fara kai ni. Ina kan tsani ya kunna wani wasa, aka saki abin dariya, sai da aka yi nisa cikin wata maganar sannan na fashe. Ya juyo ya dube ni kamar ya tsinci zinare.

Daga ranar na zama ma'auninsa. Ɗan wasa na sakin magana, sai ya riƙa ƙirge da yatsa a kan tebur har in dara, ya bar gurbi daidai tsawon nan kafin magana ta gaba.

"In kai ka gane, kowa ya gane," in ji shi. Na daɗe ina ɗauka yabo ne.

Lokacin fim ɗinsa na ƙarshe ciwo ya riga ya ci jikinsa. Akwai wurin da wani magidanci ke cika wa baƙi baki da sabuwar kujerarsa, ta karye da shi. Darakta ya ce wurin ba daɗi, a cire. Almakashi ya roƙi kwana ɗaya, don bai taɓa barin wasa ya mutu a hannunsa ba.

Ya kunna mini. Idona na kansa, ba kan fim ɗin ba. Mutumin na faɗuwa na ƙyalƙyale.

Ya tsayar. "Ƙarya kake, ɗan'uwa."

"Ya ba ni dariya mana."

"Kai? A kan lokaci? Tausayina kake ji. Kai shi waje ka ajiye kusa da takalmanka, aiki muke."

Ya sake kallon wurin, sannan ya yanke faɗuwar gaba ɗaya. Ya bar cika bakin, da ƙarar karyewa, sai fuskar matar gidan tana ci gaba da zuba wa baƙi ruwa, ko waiwaye babu. Yatsansa ya bugi tebur sau huɗu. A na biyar na sulale daga kujera ina riƙe da ciki. Bai juyo ba, amma na ga kafaɗunsa na girgiza. Dariyarsa ta shida ke nan.

Darakta ya bar wurin a cikin fim ɗin, bai cire ba. Almakashi bai ga fitowar fim ɗin ba.

A falonsa na kalla, tare da iyalinsa. Aka zo wurin, kowa ya yi dariya ya gama, hoton bai motsa daga fuskar matar ba.

"Mama, ya maƙale ne?" in ji ƙaramar 'yarsa.

"Bai maƙale ba," in ji matarsa tana goge ido, ta dube ni. "Kawunki yake jira."