Ranar da sugan kyanwata ya faɗi

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan siton hatsi a bayan kasuwar Daura, akwai wata kyanwa da na ajiye saboda ɓeraye. Ban taɓa ba ta abinci ba. Haka na taso na ji ana cewa, wai in kyanwa ta ƙoshi ba ta farauta. Ko da ta haifi 'ya'ya huɗu a bayan buhunan gero, ban canja ba.

Wata rana na kulle siton na tafi Mai'adua sayen wake, sai da na kwana biyu. Da na dawo da hantsi na buɗe, na tarar da ita tana tangaɗi. Ta yi taku uku ta faɗi. Jikinta sai ɓari yake, idanu a buɗe amma ba ta ganina. Na taɓa kunnenta, sanyi ƙalau.

Maƙwabcina ya ce gubar ɓera ta ci, in ɗura mata manja. Wani ya ce hauka ce, in jefar da ita bayan gari. Ni dai 'ya'yan na duba, ko ido ba su buɗe ba, in ta mutu sun mutu. Na zuba su duka a kwali, na ɗaure a bayan babur, na nufi gida inda manjan yake.

Mahaifiyata na zaune a tsakar gida. Ta leƙa kwalin, ta tambaya ko kyanwar ta yi amai, na ce a'a. Ta ce yaushe rabonta da abinci. Na juya na ɗauko manjan.

Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Kai wannan, ajiye manjan nan. Suganta ne ya faɗi."

Na ce, "Inna, kyanwa ce fa. Ina ta ga shayi balle ta yi suga?"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar kwalbar zuma. Ban san tana da ita ba. Tun da likita ya ce tana da ciwon suga na hana zaƙi shiga ɗakinta, ko dabino na gani sai na kwashe, har da faɗa.

Ta lakato da yatsa, ta ɗaga leɓen kyanwar ta goga mata a dasashi, kaɗan-kaɗan. Ta hana ni ɗura mata ruwa, ta ce za ta ƙware. Ta lulluɓe ta da tsohon zani ta zauna. Can kyanwa ta ɗago kai, ta lashi baki. Inna ta marmasa mata busasshen kifi, ta ci, ta koma kan 'ya'yanta. Washegari malamin dabbobi ya duba ta, ya ce yunwa ce da shayarwa, kuma tsohuwa ta yi daidai.

Na tambayi Inna yadda ta gane. Ta ce ai ita ma haka take yi in ta sha maganin suga abinci bai zauna ba: ɓari, jiri, duhun gani. Don wannan ta ɓoye zumar.

Ni ban yi nisa a makaranta ba. Duk zatona ciwon suga hawa kawai yake yi, ban san yana sauka ba. Matar da ba ta taɓa zama a aji ba ta kalli dabba sau ɗaya ta gane ciwonta, don ta san shi a jikinta. Har yau in na tuna, tambaya ɗaya ce ke tsaya mini a rai: sau nawa ta yi wannan ɓarin ita kaɗai a ɗaki, ni ina waje ina taƙamar ina kula da ita.