Fuskar Inna Talatu a Bangon Bola

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da safiyar da muka gama zanen bangon bola a Tudun Wada. Ku sababbin 'yan sa kai ku buɗe kunne, don ni mai ba ku labarin ma har yau ban gama gane shi ba.

A lokacin ni ne jami'in fili na ƙungiyarmu, wato mai raba wa 'yan sa kai aiki, kuma mai shan faɗa idan abu ya lalace. Damina ta kusa, ga wani lungu da ake jibge shara a gindin bangon wani tsohon shago har ta toshe kwata. Mun kwashe, an sake zubawa. Mun rubuta gargaɗi da jan fenti, shara ta taru ta rufe rubutun. Sai shugabarmu, Hajiya Rabi, ta ce a gwada zane.

Ƙa'idarmu ita ce a nemi izinin mai bango, a je a gaida mai unguwa, a nuna masa abin da za a zana a takarda. Duk na yi. A takardar mace ce riƙe da tsintsiya, fuskarta ba ido ba hanci, don ba a kai nan ba tukuna. Mai unguwa ya duba, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Mai zanen Ngozi ce, 'yar wani mai sayar da kayan gyaran babur. A Tudun Wada aka haife ta, Hausarta ta fi tawa daɗi, sai dai ta daɗe a kudu wajen karatun zane, ba ta jima da dawowa ba. Ta zana dattijuwa mai fara'a, da ɗan tabo a gefen hanci. Kai, abin ya yi kyau, kamar ka gaishe ta ta amsa.

Muna cikin wanke burushi sai ga wata mata ɗauke da bokitin shara. Ta ɗaga kai, ta dafe ƙirji, ta yi salati, ta juya da shararta. Na ce wa Ngozi, "Kin gani? Aiki ya ci!" Can wani ɗan acaɓa ya taka birki, ya ƙura wa bangon ido, ya ce, "Allah ya jiƙan rai," ya wuce. Na waiga baya ina neman makara, ban ga komai ba. Kafin wani lokaci mutane sun taru, kowa ya yi tsit, ni kuwa ina ta murmushi kamar ango, ban san abin da ake ciki ba.

Sai wani dattijo ya ratso taron. Daga baya na san Malam Iro ne, mai gyaran keken ɗinki a bakin titi. Ya dube ni ya ce, "Wa ya ba ku izinin kafa matata a kan bola?"

Na ce, "Baba, wace matar?"

"Talatu. Bara muka binne ta. Matar da ko hoto ba ta yarda a ɗauke ta ba, ita kuka baje wa kowa a titi?"

Ngozi ta zauna daɓas a ƙasa. Ashe Inna Talatu mai waina ce a layinsu tun tana ƙarama, kullum sai ta share ƙofarta ta yayyafa ruwa kafin ta hura wuta. Da aka ce a zana mace mai tsafta, fuskarta ce ta zo mata. Ba ta ji rasuwar ba, har tana shirin zuwa ta kamo hannunta ta nuna mata. Tana kuka tana ba da haƙuri, Malam Iro ya ce, "Ku goge kawai," ya tafi.

Hajiya Rabi ta ce ba gardama, a goge. Washegari na ɗauki farin fenti na nufi wurin. Me zan gani? An share gindin bangon tas, an yayyafa ruwa, Malam Iro na zaune a benci yana fuskantar zanen.

Na ce, "Baba, mun zo gogewa."

Ya ce, "Na ce ku goge, amma ai ban ce yau ba."

Na koma da fentina. Hajiya ta ce, "To, me yake so?" Na ce wallahi ban sani ba. Da na ɗauke ƙafa, sai Malam Iro ya aiko a tambaye ni me muke jira, ana ta kallon matarsa. Na sake ɗauko fenti, ya ce in bari, akwai hadari. Na ɗaga kai, sama fes! Liman ya kira ni ya ce hoton mamaciya a titi bai dace ba. Matan lungun suka aiko cewa wanda ya taɓa bangon ya kuka da kansa. Ni dai na zama ɗan dakon gwangwani, in kai in dawo, raina a ɓace, na fara cewa tsohon nan wasa yake yi da hankalina.

Ngozi ce ta raba gardama. Ta ce in ɗauko fenti da burushi in raka ta wurin Malam Iro. Ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, ka faɗi abin da kake so. Ko in sauya fuskar, ko in shafe duka."

Ya nuna bangon ya ce, "Tabon nan, kin tabbata hagu yake?"

"Hagu ne, Baba. Shi nake kallo idan tana zuba mini waina."

Ya ce, "Tun muna da ƙuruciya muke tare. Amma kwanakin baya na zauna ina son tuna fuskarta, na rasa ko dama ne ko hagu. Ban faɗa wa kowa ba, kunya nake ji."

Ya miƙo hannu, na ba shi burushin. Da kansa ya shafe ta. Ya fara daga tsintsiyar, ya bi zanin, ya bar fuskar sai ƙarshe. Da ya zo nan ya ɗan tsaya, ya ce, "Ba ta son kallo," sannan ya rufe.

Har yau bangon fari ne, kuma ba mai zuba ko ɓawon lemo a wurin. Da Hajiya ta tambaye ni ko zanen ne ya yi aikin ko gogewar, na ce ta tambayi wanda ya fi ni sani.

Abin da na ɗauka dai shi ne, a aikin nan da mutane kuke hulɗa, ba da bango ba. Idan mutum ya ce muku e, ya dawo ya ce a'a, kada ku yi saurin cewa rigima yake nema. Ni ina ta ƙorafin ɗaukar gwangwani, ashe bawan Allah so yake ya haddace fuskar matarsa kafin mu shafe.