Soket Ɗin Yaya Bi-lien

Shekara ashirin da bakwai Tseng Bi-lien ta yi tana ƙona kayan kamfaninsu, kuma a kan haka ake biyanta albashi. Masana'antar tana bayan garinmu, kusa da Taoyuan, ana ƙera baristo a cikinta, wato ɗan shuɗin abin nan mai kama da maɓallin riga, mai ƙafa biyu na waya, wanda ake sawa cikin kayan lantarki. In wuta ta zo da ƙarfin da ya wuce kima, shi yake shanye ta, in ta fi ƙarfinsa ya ƙone, injin ya tsira. Bi-lien tana ɗakin gwaji. Daga kowane kwali takan ɗebi kaɗan, ta jera su a bayan gilashi, ta sakar musu wuta har su fashe, ta rubuta iya abin da suka jure.

Ni ina sayar da madarar waken soya da wainar ƙwai a bakin layinmu, kullum a wurina take karyawa. Mace ce gajera, mai ƙaramar murya, ba ta haye titi sai fitila ta ba ta hannu ko da babu mota. Mijinta ya rasu da wuri, 'yarta ɗaya tana aure a Taichung.

Da ta yi ritaya sai zaman gida ya dame ta. Ta duba tsofaffin wayoyin layinmu da suka sarƙe a kan turaku, ta ce ita dai ba za ta iya barci da wannan abu a kanta ba. Ta sayo dogayen soket, ta buɗe su a teburin cin abincinta, ta liƙa wa kowanne baristo da ɗan fis mai katse wuta. Sannan ta bi gida gida tana rabawa kyauta, tana roƙon a jona firij da talabijin a ciki. Gida goma sha ɗaya suka karɓa, yawanci don kunya. Kawu Hung, tsohon direban babbar mota, shi ya ƙi. Ya ce talabijin ɗinsa ta ga guguwa ta fi ashirin, ba ta taɓa neman taimakon kowa ba.

A watan Yuli na shekara ta biyu, da misalin ƙarfe uku na rana, aradu ta faɗa kan turken lantarki da ke bayan ɗakin bautar unguwarmu, wuta ta ɗauke. Ina wanke tukwane na ji ƙarar har cikin haƙorana. Da wuta ta dawo, sai aka tarar soket goma sha ɗayan nan duk sun mutu, wasu sun yi baƙi suna warin roba. Firij kuwa da talabijin, da aka maida su jikin bango, suka tashi lafiya lau.

Da yamma muka taru a bakin layi da ledojin shara muna jiran motar kwashewa, a nan ake yanke wa kowa hukunci. Madam Kho mai wankin kai ta fito da nata soket ɗin riƙe da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Yaya Bi-lien, ga kayanki," in ji ta. "Tsawa ɗaya tak ya mutu. Firij ɗina da ba ke kika ƙera ba ko gezau bai yi ba."

Bi-lien ta fara bayani cewa ai mutuwar tasa ita ce aikinsa, shi ya tare wa firij ɗin. Sai dai muryarta ƙarama ce, motar shara kuma ta iso da kiɗan da take sawa don a fito. Abin da mutane suka tafi da shi gida shi ne, kayan kyauta ba su da ƙarko, kuma saura ƙiris su tayar da gobara.

Talabijin ɗin Kawu Hung ta ƙone ƙurmus, har da tukunyarsa ta lantarki ta dafa shinkafa. Kwana uku yana zaune a ƙofar gida yana fifita, fuska a murtuke. Ranar Lahadi ɗansa ya zo daga Taipei da sabuwar talabijin mai faɗin ƙofa, sai da mutum biyu suka shigar da ita. Tun daga ranar layi ya koma gidan Kawu Hung kallon wasan ƙwallon sanda. Na ji da kunnena wani yana cewa da bai saurari Bi-lien ba, da shi ma yanzu 'ya'yansa sun canza masa tsohuwar tasa.

Abin ya ci mata rai. Mako biyu ba ta zo karin kumallo ba. Da ta dawo na ce ta bari ni zan yi musu bayani, tunda bakina ya fi nata kaifi. Ta girgiza kai, ta ce a kamfani ma babu wanda ya taɓa buga waya ya yi godiya don injinsa bai ƙone ba.

Daga baya wani shago a babban titi ya kawo soket masu kariya a cikin kwali mai rubutun Japan, dalar ƙasarmu dubu da ɗari biyu kowanne. Madam Kho ce ta fara saye, sauran suka bi. Da yake ba su san wanda ya dace da na'urar sanyaya ɗaki ba, Bi-lien suka kira ta zo ta duba. Ta kwance bayan guda ɗaya da sukudireba, ta daɗe tana kallon cikinsa, sannan ta miƙo mini. Shuɗayen maɓallai uku ne, ɗauke da tambarin tsohon kamfaninta.

"Ya kika gani, Yaya?" Madam Kho ta tambaya. "Ba irin naki ba ne, ko?"

"Mai kyau ne," in ji Bi-lien, ta mayar da murfin ta ɗaure.

Bara 'yarta ta ɗauke ta zuwa Taichung saboda ciwon gwiwa. Tana hawa na goma sha huɗu a wani sabon bene, tana renon jikoki biyu. Da na kai mata ziyara a lokacin sabuwar shekara, ta ce har ta sa mai gadin benen ya buɗe mata ɗakin mitoci ta duba, ta samu komai daidai, yanzu tana koyon dashen furanni a baranda.